Matakan zaɓar kumbo a wasan Elite Dangerous

Elite Dangerous wasan intanet ne da kamfanin Frontier Developments na Ingila ya fitar a ƙarshen 2014. Kowa da ɗan ƙaramin kumbo mai suna Sidewinder yake farawa, amma tun ranar farko idon sabon ɗan wasa na kan Anaconda, ƙaton kumbon da kuɗinsa ya haura kiredit (kuɗin cikin wasan) miliyan 140. Wannan gaggawar ce ke tsiyata mutane. Ga yadda za ka kauce mata.

Mataki na 1: Tsayar da sana'a tukuna. Fatauci za ka yi, ko haƙar ma'adinai, ko farautar 'yan fashi, ko yawon gano taurari? In ba ka yanke ba, sayi Cobra Mk III. Kuɗinsa bai kai rabin miliyan ba, yana da gudu, kuma yana taɓa kowane aiki, har ka gane inda ranka ya fi kwantawa.

Mataki na 2: Kada ka tashi ba kuɗin inshora a aljihu. Nan ne aka fi yin kuka. Idan aka tarwatsa kumbonka, sai ka biya kashi 5 cikin 100 na darajarsa, har da kayan da ka ɗora masa, kafin a mayar maka da shi. In ba ka da su, kuma rancen da wasan ke bayarwa bai cike giɓin ba, Sidewinder za ka koma, wahalar makonni ta tafi a banza. Ajiye abin da zai biya inshora sau biyu ko uku kafin ka kusanci wurin saye.

Mataki na 3: Lissafa kuɗin kaya, ba na gangar jiki kawai ba. Sabon kumbo da kayan aji E yake zuwa, mafi rauni ke nan. Aji A ya fi ƙarfi da tsada, aji D ya fi rashin nauyi. A manyan kumbuna, kayan kan ci fiye da kuɗin kumbon kansa. Fara da injin tsalle tsakanin taurari, wato Frame Shift Drive, ka sa aji A. Ƙaramin kumbo mai cikakken shiri ya fi Anaconda tsirara amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na 4: Duba wurin sauka. Ƙananan tashoshi ba su da filin da zai ɗauki babban kumbo. Shi ya sa nake fifita Python, mai kusan miliyan 57, a kan Type-7 duk da arhar Type-7: Python na sauka a matsakaicin fili da kaya masu yawa, shi kuwa Type-7 sai babban fili. Kwangiloli da dama a ƙananan tashoshin suke.

Mataki na 5: Yanzu tara garkenka, kowane kumbo da aikinsa. Ga yawon taurari, Diamondback Explorer yana tsalle mai nisa a kan ƙasa da miliyan 2, sai dai yana jan jiki wajen ɗibar mai daga tauraro. Asp Explorer ya fi shi sauri a nan, ga faffaɗan gilashi na kallo. Ga faɗa, Vulture ya isa mafari, daga baya Krait Mk II. Ga fataucin tan ɗaruruwa, Type-9, in za ka jure nauyin jikinsa wajen juyawa. Federal Corvette da Imperial Cutter kuwa kuɗi kaɗai ba ya sayen su, sai ka kai muƙamin Rear Admiral ko Duke a rundunar da ta mallake su.

Mataki na 6: Kada ka yi saurin sayar da tsohon kumbo, domin kashi 10 cikin 100 za a zaftare maka. Ajiye kumbunanka a tasha guda, tunda kawo kumbo daga nesa na cin kuɗi da lokaci.

A ganina kumbo uku sun wadatar da yawancin 'yan wasa: mai tsalle mai nisa, Python na neman kuɗi, da guda na faɗa. Anaconda ya jira sai ka iya biyan kayansa da inshorarsa ba tare da ka kwashe asusunka ba.