Idan Allon Sa Ido Ya Ce Lafiya Lau, Alhali Na'ura Ta Mutu

Wani matashi da ke kula da kwamfutocin wata makaranta ya kawo mini kukansa. Ya kafa sabar sa ido, ya ɗora 'yar ƙaramar manhaja a kan kowace na'ura tana aiko da rahoto ta WebSocket, sabar kuma tana tura rahoton zuwa allon da yake kallo a burauza. Ran nan wuta ta ɗauke tun da asuba, batir ya ƙare, na'urori uku suka mutu, amma har azahar allon yana nuna kore shar. Sai da wani malami ya hawo bene ya yi ƙorafi sannan ya san abin da ake ciki.

Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne, kuma tushen matsalar yana cikin halin WebSocket ɗin kansa. Tun da aka tsayar da ƙa'idarsa a 2011, an gina shi ne kamar kiran waya da ba a kashewa: layi ɗaya a buɗe, kowa na iya magana lokacin da ya ga dama. Idan ɓangare ɗaya zai tafi cikin tsari, yakan yi sallama. Amma na'urar da wuta ta yanke mata ba ta samun damar sallama. Sabar na nan riƙe da layin, tana zaton abokin maganarta ya yi shiru ne kawai. Linux na da hanyar gano irin wannan mataccen layi, sai dai in an kunna ta, kuma bisa saitin asali sai an yi daƙiƙa 7,200 ana shiru, wato awa biyu cur, kafin ta fara tambaya.

Kafin ka taɓa komai, raba tafiyar saƙon gida uku: daga na'ura zuwa saba, cikin saba, sannan daga saba zuwa allo. Ba wa kowane saƙo lamba da lokacin fitarsa, ka sa a rubuta su a kowane zango. Daga nan ka fara bincike daga ƙarshe. A Chrome danna F12, shiga Network, zaɓi layin WebSocket ɗin, buɗe Messages. Nan za ka ga saƙonni suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. In suna zuwa amma allo bai canza ba, rabu da saba, laifin yana cikin shirin allon. In ba sa zuwa, ɗauki wscat ko websocat ka haɗu da sabar kai tsaye ba tare da burauza ba, ka aika mata saƙo da hannunka kamar kai ne na'urar. Na fi yarda da wannan gwajin a kan awa guda ta karatun shiri da zato.

Duba amsar farko da sabar ta bayar. Dole ta zama 101. In wata lamba ka gani, layin bai ma buɗe ba, kuma sau da yawa Nginx ne a tsakiya ba a gaya masa ya wuce da Upgrade da Connection ba, ko ba a sa shi amfani da HTTP 1.1 ba. Shafin da ke kan https kuwa sai da wss, burauza za ta toshe ws.

Sai ka ɗauki agogo. Idan layin yana yankewa duk bayan minti ɗaya daidai na shiru, ka kama ɓarawonka: proxy_read_timeout na Nginx daƙiƙa 60 ne bisa asali, haka ma mai raba lodi na AWS. Mutane da yawa sukan mayar da lambar awa guda su huta. Ban ba ka wannan shawarar ba, domin ɓoye ciwon ka yi, ba ka warkar da shi ba. Rubuta lambar rufewa kuma duk lokacin da layi ya yanke. 1000 rabuwa ce ta lumana, 1001 an rufe shafi ko saba za ta sauka, 1009 saƙo ya yi girma. Ita 1006 ba wanda ya aiko ta, burauza ce ke shaida maka cewa layin ya tsinke babu sallama, don haka ka nemi dalili a hanya.

Ainihin maganin shi ne bugun zuciya. Sabar ta riƙa aika ping duk daƙiƙa 25 ko 30, wanda bai mayar da pong sau biyu a jere ba a rufe layinsa, a rubuta cewa ya ɓace. Akwai wani tarko a nan: burauza na amsa ping da kanta, amma shirin JavaScript ba ya ganinsa, ba ya kuma iya aika shi. Saboda haka allon na buƙatar nasa ɗan saƙon na yau da kullum daga saba, in ya daina zuwa ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa shi ma ya yanke. Kada ka tsaya a kore da ja. Ƙara launin toka mai ma'anar "ban ji daga gare ta ba", ka sa lokacin rahoton ƙarshe a gefen kowace na'ura. Da yaron nan yana da wannan, da tun hantsi ya ga an rubuta awa uku.

A wajenmu akwai ƙarin abu ɗaya. Idan aka kawo wuta, duk na'urorin kan farka tare, su afka wa saba a daƙiƙa guda. Sa kowace ta jira ɗan lokaci daban, tazarar tana ninkuwa in ta gaza. Allon da ya sake haɗuwa kuma ya nemi cikakken halin da ake ciki, domin saƙonnin da suka wuce yana a yanke ba za su dawo ba.

In ka gama gyara, kada ka gwada ta hanyar rufe manhajar, don za ta yi sallama yadda ya kamata ta ruɗe ka. Je bayan na'urar, zare wayar intanet ɗin da hannunka, ka dawo gaban allo ka ƙirga daƙiƙa nawa zai ɗauka kafin koren ya koma toka.