Kafin ka kira yaronka ɓarawo, duba manhajar da ka ɗora masa

Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili. Ni kontabul ne, yawancin aikina tsakanin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela yake. Na ga ɓarna iri-iri a littattafan ƴan kasuwa, amma babu wadda ta tsaya mini a wuya kamar ta wani yaro mai riƙon kes da aka tsare bisa zargin sata, alhali ko dala bai ɗauka ba.

Kamfanin na wani attajiri ne, hedikwatarsa tana Najeriya. Yana da babban shago a Ƙonni, mangazar siminti a Malbaza, ƙaramin shago a Illelar Nijar, da wakili a Ghana mai karɓar albasar da ake lodi daga Galmi da Tsarnawa. Ƙasa uku, kuɗi iri uku: naira, sefa da sidi. Alhaji yana alfahari da cewa kamfaninsa na ƙasa da ƙasa ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai duk wannan dukiya a cikin fayil ɗaya take, na QuickBooks na sata, wanda wani mai gyaran waya ya saka musu. An buɗe fayil ɗin da naira kaɗai.

Kawun yaron ne ya same ni bayan sallar la'asar. Ya ce: «Malam, don Allah ka zo ka duba mana. Yaron nan a hannuna ya tashi. In ya ci, ka faɗa mini ya ci, ni zan fara hukunta shi. In bai ci ba, ka fitar da mu kunya.» Lokacin yaron ya riga ya kwana a tsare, kuma saura ƴan makonni ɗaurin aurensa.

Ga yadda abin ya faro. Bayan 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Duk tsawon watannin nan ɗan Alhaji, wanda shi ake kira darakta, bai taka Ƙonni ba, ba a kuma ƙirga kes ko sau ɗaya ba. Amma kasuwa ba ta tsaya ba. Hedikwata tana turo naira, yaron yana zuwa wurin ƴan canji ya mayar da ita sefa, ya biya siminti, ya biya albasa, ya biya direbobi da ƴan dako. Da iyaka ta buɗu darakta ya zo, ya danna kwamfuta, ta ce akwai miliyoyi a kes. Aka buɗe kes, babu su. Ko minti goma bai yi yana tunani ba ya kai ƙara.

Da na nemi ya ba ni kwamfutar, sai ya ce: «Malam, kada ka wahalar da kanka. Kwamfuta ba ta ƙarya.» Na ce masa ba ta ƙarya, amma abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce, marfinta ya karye an ɗaure da salatif, lambar sirri a rubuce jikin ƴar takarda an manna kusa da madannai. Suna ɗaya kowa yake shiga da shi: darakta, ƙanen Alhaji, akantan hedikwata, mai mangaza, da yaron.

Abu na farko da na duba shi ne canji. Wancan mai gyaran waya ya rubuta farashi guda tun kafin Yunin 2023, lokacin da Najeriya ta saki naira ta nemo farashinta a kasuwa, ba wanda ya sake taɓa shi. Jika ɗaya ta sefa da ake samu da naira dubu ɗaya da ƴan ɗaruruwa, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira dubu biyu. Yaron zai kashe naira mai yawa ya sayi sefar biyan tirela ɗaya ta siminti, manhaja kuma ta rubuta masa rabin abin da ya kashe, ta bar sauran a kes kamar suna nan. Kowace tirela, kowane lodin albasa, ramin yana ƙara zurfi. Asarar canji ce tsagwaronta, wadda gurbinta yake a asusun asarar canji, aka bar ta kwance a asusun kes ta koma bashi a wuyan ɗan mutane.

Na biyu, Illela. Akwai Illelarmu ta jihar Tawa, akwai Illelar Sakkwato da ke tsallaken iyaka, kuma kamfanin yana da ajiya a duka biyun. A manhaja suna ɗaya aka buɗe musu. Simintin da ya tashi daga Malbaza zuwa shagon Illelar Nijar sai akantan hedikwata ya ɗauka cinikin Ƙonni ne da ba a kawo kuɗinsa ba, ya ɗora wa yaron. Babu asusun haɗa rassa, babu asusu na 585, babu komai.

Na uku shi ya fi ƙona mini rai. Yaron nan iyayen gida uku gare shi. Alhaji zai bugo waya ya ce a ba wane jika ɗari biyu. Darakta zai turo saƙon murya ya ce a biya kuɗin gyaran motarsa. Ƙanen Alhaji zai shigo shago ya ce: «Kai yaro, miƙo jika hamsin, zan gaya wa Yaya.» Wa zai ce wa a'a? Babu takarda, babu sa hannu. Wasu daga cikin waɗannan kuɗi yaron ya shigar da su, daga baya wani ya goge su, kuma tunda duk da suna ɗaya ake shiga, ba a san hannun wa ba.

Abin da ya cece shi wani kaye ne na ƴan makaranta, bangonsa ya yi laushi, gefen shafukan duk jirwayen albasa. A ciki ya rubuta kowane canji da ya yi: rana, farashi, wurin wa ya canza, nawa ya bayar, nawa ya karɓa. Wanda ya ce a bayar da kuɗi ta waya ma ya rubuta sunansa da lokacin. Saƙonnin murya suna nan a wayarsa bai goge ba. Na bi kayen layi-layi, na haɗa da takardun lodi na Malbaza da rasit ɗin direbobi. Da na gama, abin da ya rage ba a gano ba bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba.

Na kai wa Alhaji sakamako. Na ce: «Alhaji, ranka ya daɗe, yaron nan bai ci maka ko dala ba. Kuɗinka canji ya cinye wasu, wasu suna mangazar Illela a matsayin siminti, sauran kuma ƴan gidanka ne suka karɓa.» Ya yi shiru, can ya ce: «To, ƙaddara ce. A sake shi, a ba shi haƙuri.» Aka sake shi. Amma gari ya riga ya ji. Iyayen yarinya suka ɗaga biki, daga ɗagawa maganar ta mutu. Yaron ya bar Ƙonni. Har yau wasu in an ambace shi cewa suke yi «wanda ya ci kuɗin Alhaji».

Wannan ba ƙaddara ba ce kawai, sakaci ne. Kamfanin da bai san wa ke ba wa umarni ba, babu manhajar da za ta gyara shi. A fara tsara mutane da rassa, sannan a sayi manhaja. In aka juya, ƙaramin ma'aikaci ne zai biya.

Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Ku kuma sai ku sayo manhaja tukuna, sannan ku tura ƙasa uku a cikinta da ƙarfi. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993. Najeriya da Ghana ba sa ciki, su da IFRS suke aiki. SYSCOHADA, dokar lissafin OHADA, da aka sabunta a Janairun 2017 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, kuma ta ce littafin da ke Nijar da kuɗin Nijar za a riƙe shi. Da sefa, ba da naira ba. Harajin TVA a nan 19 cikin ɗari ne, a Najeriya 7.5 tun Fabrairun 2020. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa kullum da farashinta. Ta yaya fayil ɗaya mai kuɗi ɗaya zai ɗauki wannan duka?

Sashe na 22 na dokar lissafin OHADA ya yi magana a fili kan lissafin kwamfuta: abin da aka tabbatar ba ya goguwa, kuma a rufe aƙalla duk wata uku. Manhajar da kowa zai shiga ya goge layin bara ba ta cika wannan sharaɗi ba, ko nawa aka saye ta. Sashe na 16 ya ce a rubuta tsarin aiki. Na tambayi darakta ina nasu, ya ɗauka wata takardar duwan nake nufi.

Sannan matsayin shagon Ƙonni kansa. Reshe ne ko kamfani mai zaman kansa? Ba wanda ya iya ba ni amsa. Dokar kamfanoni ta OHADA, sashe na 120, ta ba reshen baƙon kamfani shekara biyu, daga nan a mayar da shi kamfanin ƙasa, sai in ministan kasuwanci ya ɗaga masa ƙafa. Su sun ninka wannan wa'adi ba su sani ba. NIF ɗin da suke aiki da shi, wato lambar haraji, na wani tsohon yaron Alhaji ne. Faktir mai shaidar SECeF, da hukumar haraji ta wajabta tun 2021, ba sa bayarwa, ba sa nema, don haka TVA da ya kamata su cire ta tafi a banza. Ranar da masu binciken haraji suka shigo, abin da za a yanka musu zai sa su manta da kuɗin da suka tsare yaro a kansa.

Kuma kamfani mai uwa a waje ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Masana'antar simintin Malbaza tun shekarun 1960 take. A ƙarshen shekarun 1990 aka sayar da ita, Scancem ta Norway ta shigo, ita kuma Scancem ta koma hannun Heidelberg ta Jamus a 1999. Duk kamfanin da ke da uwa a Turai ko Sin haka dokar take a kansa: littafinsa na gida da sefa bisa tsarin ƙasa, rahoton da zai aika wa uwar kamfani kuma a juya shi bisa tsarinta, da teburin da ke nuna wane asusu ya faɗa cikin wane. Manyan da ke da manhajar SAP ma ba su tsallake wannan ba. Kai da uwar kamfaninka take nan tsallaken iyaka, me ya sa kake ganin an yafe maka?

Kullum tambayar da ake yi mini ita ce wace manhaja ta fi kyau. Ba na amsawa sai na ji kamfani nawa ne a takarda, a wace ƙasa kowanne yake, wa ke sa hannu, wa ke riƙe kuɗi, wa ke riƙe kaya, wa ke dubawa. Sage ta saba da tsarin asusunmu, kuma ba a rasa wanda ya iya ta a Tawa ko Maraɗi. Odoo tana ɗaukar kamfani da yawa da kuɗi iri-iri, in an samu wanda ya san kanta ya saita ta. QuickBooks da Tally suna aiki a inda aka yi su domin shi, amma ba su zo da bilan ɗinmu a shirye ba. Kowace ka ɗauka, kowane kamfani da fayil ɗinsa, da kuɗin ƙasarsa, kowane ma'aikaci da sunansa da lambar sirrinsa. A tambaya kuma ko tana aiki in babu intanet. Wanda ya zauna a Ƙonni a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ya san abin da nake nufi.

Masu saka manhajar sata kuma, ku ji tsoron Allah. Mutum bai san bambancin asusu na 401 da na 411 ba, ya iya kwafa daga filashi kawai, sai ya buga kati ya kira kansa ƙwararre. Ya karɓi jika ashirin, ya saka, ya tafi, lambar wayarsa ta daina shiga. Su ma masu kamfanin da laifinsu: za su kashe miliyoyi a tirela, amma kuɗin lasisi da na kontabul mai rajista a ONECCA ya zama musu asara. Araha ba ta ado.

Kada mai riƙon kes ya zama shi ne mai shigar da lissafi. Kada mai mangaza ya ƙirga kansa. A ƙirga kes duk mako, mutum biyu, a sa hannu. Farashin canji a shigar da na ranar, a manna takardar ɗan canji. Na ranar nake cewa, ba na bara ba. Lissafin tsakanin rassa a daidaita shi duk ƙarshen wata. Ajiyar bayanai a waje biyu. Takardu shekara goma doka ta ce.

Umarnin kuɗi ta baki ko ta saƙon murya, a daina. Alhaji, in kana son ɗanka ko ƙanenka su riƙa ɗaukar kuɗi, dukiyarka ce, ba mai hana ka, amma ka buɗe musu asusu da sunansu, ka yanka musu iyaka, su sa hannu. Ma'aikaci ya san mutum ɗaya da yake amsa wa. Mutum ɗaya.

Ku kuma samari masu riƙon kes a Ƙonni, Malbaza, Galmi, Badagishiri da Illela, kada ku karɓi mabuɗi sai an ƙirga a gabanku an rubuta. Kada ku yarda ku shiga kwamfuta da sunan da wani ma yake shiga da shi. Ku riƙe naku littafin, ku rubuta komai, ko maigida ya ce ba ku yarda da shi ba ne. Ranar da aka ce kuɗi sun ɓata, ku nemi a kira kontabul daga waje ya duba kafin a kai maganar ko'ina. Maigidan da ya ƙi wannan, ku miƙa masa mabuɗinsa tun da sauran mutunci.