Direban babbar mota, saurari iskarka kafin ka hau titi

Sana'ata gyaran birkin manyan motoci ce, kuma maganar da na fi ji a gareji bayan haɗari ita ce: "Oga, birki ne ya tsinke." Amma idan muka kwance ƙafar motar, ɓarnar da muke tararwa ba ta jiya ba ce. Layinin ya cinye har ƙarfe na gugar ƙarfe, tiyon iska an ɗaure shi da robar tsohon tib, ƙararrawar da ke kuka idan iska ta yi ƙasa kuwa an cire mata waya, wai tana damun direba.

'Yan uwa, tirela da tanka da tifa duk da iska suke tsayawa. Don haka kowace safiya fara da tankin iska. Ja zoben da ke ƙasansa. Ɗan ruwa kaɗan ba abin tsoro ba ne, musamman da damina, amma idan ka ga ruwa na tsiyaya ko ya fito haɗe da baƙin mai, to na'urar busar da iska ko kwamfiresa ta gaji, kuma wannan dattin shi ke zuwa ya toshe bawul. Daga nan ka cika iska, ka sa waigi a taya, ka kashe inji, ka saki birkin hannu, ka taka birki ka riƙe na minti guda. Idonka kan allura, kunnenka a waje. Allura na sauka ko ka ji "sss", kada motar nan ta bar tasha. Yaron mota ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar jan tiyo da rawaya da ke tsakanin kai da bodi. Inda kumfa ya taso, nan ne ciwon.

Taya kuma, a daina duba ta waje kaɗai. Ta ciki kan sace iska ba a sani ba, ta bar wa 'yar uwarta kaya har ta yi zafi ta fashe. Buga kowace da ƙarfe ka ji amonta, ka cire dutsen da ya maƙale tsakaninsu. Idan ka ga zanen tsatsa ya gangaro daga jikin noti, ya saki ke nan. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar ƙira. Wannan lissafi ya shafi ta gwanjo ma, komai kyan zanenta.

Baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu, madubi, makullin da ke riƙe bodi da kai, da tukunyar kashe gobara, waɗannan kowa ya san su. A duba kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sa mota furi a gangare don tsimin gas. Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da nake nufi. Birkin da aka danne tun daga sama zafi yake yi har ya daina kamawa, ko da sabo ne. Tun kafin gangaren ka sauko ƙaramar giya, ka bar inji ya riƙe motar.

Ku kuma iyayen gidanmu masu motoci, idan direba ya ce layinin ya ƙare, don Allah ku daina cewa "lallaɓa ka je ka dawo." Ku ba shi kuɗin gyara kafin a yi lodi. Allah Ya kai kowa gida lafiya.