Yashin Nakupenda ba yashin Binuwai ba ne

Na daɗe ina danne wannan labari a cikina, don ba na son a gane ko su waye. Amma shekaranjiya wani matashi ya shigo ofishina a nan Damilu neman tikitin yawon amarci zuwa Zanzibar, ya maimaita min maganar da na taɓa ji a bakin wani ango kamar tare suka haɗa ta: "Hamma, ni fa a bakin Binuwai aka haife ni, ruwa ba ya ba ni tsoro." Nan take raina ya ɓaci sabo. Shekara tara ina harkar tikiti da biza, yawanci Umra, ban taɓa shiga tashin hankali irin na ranar da zan ba ku labarinta ba.

Ango da amarya ne, 'yan nan Jimeta, an ɗaura musu aure ƙarshen Disamba. Tun wata biyu kafin biki muka fara shiri, saboda Tanzaniya ba ta ba mai fasfo ɗin Najeriya biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet hukumar shige da ficensu ta amince tukuna. Biza ta fito. Suka yi katin rigakafin shawara, muka biya inshorar dala 44 kowannensu, wadda gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024. Daga Yola zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Addis Ababa, sai filin jirgin Abeid Amani Karume. Kwana biyu a Stone Town, huɗu a Kendwa. Na rubuta musu tsarin kowace rana a takarda, da lambar jagoran da nake aiki da shi, mutum mai lasisi da jiragen ruwa masu rajista. Ango ya karanta, ya zaro biro daga aljihu, ya soke layin da na rubuta tafiya Nakupenda. Ya ce can zai samu mai rahusa. Na yi magana, na sake yi, ya yi dariya ya faɗi waccan magana ta Binuwai.

Washegarin saukarsu da hantsi suna yawo a bakin ruwa wajen Forodhani, sai 'yan kamasho suka yi musu caa. Mutanen can da kansu papasi suke kiransu, wato kaska, kuma sunan ya dace. Ɗaya ya yi masa ragin dala 25 a kan farashin jagorana, ya kai su wurin wani kwalekwale mai inji. Babu rigar kariya ko ɗaya a ciki. Amarya ta tambaya, don ita ko a kududdufi ba ta taɓa iyo ba. Mijinta ya ce mata ai ga shi nan.

Nakupenda tudun farin yashi ne a tsakiyar teku, tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba daga Stone Town. Ma'anar sunan da Swahili "ina son ki", shi ya sa kowane ango yake ɗokin kai amaryarsa. Wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba: ruwa garai-garai har kana ganin yatsun ƙafarka, ana kafa rumfuna, ana gasa kifi da jatan lande. Sun sauka wajen ƙarfe sha ɗaya. Ango ya tambayi mai kwalekwale yaushe za su koma, shi kuma ba ya jin Turanci sosai, sai ya ɗaga yatsu takwas. A lissafin Swahili ana fara ƙirga sa'a daga wayewar gari ne, don haka takwas ɗinsa ƙarfe biyu na rana yake nufi. Ango bai gane ba, bai kuma tambaya ba, ya gyaɗa kai. Mutumin ya tayar da inji ya tafi neman wasu fasinjoji.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi sauran mutane suka fara naɗe rumfunansu. Jagoran wasu Turawa ya zo har inda suke, ya nuna musu ruwa, ya ce su shigo jirginsa akwai wuri. Ango ya ce ya riga ya biya kuɗin zuwa da dawowa, ba zai biya sau biyu ba. Jirage suka watse ɗaya bayan ɗaya. Biyu ta yi, biyu da rabi ta yi, ba mai kwalekwale ba labarinsa.

Na san abin da ya yaudare shi, domin ni ma ɗan Jimeta ne. A watan Janairu in ka tsaya kan gada ka leƙa, za ka ga yashi shimfiɗe a tsakiyar Binuwai, yara na ƙwallo, masu tifa na ɗiba. Wannan yashin yana nan har damina ta kankama. Kogi sai ya yi watanni yana cika, in ban da shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo irin 2012 da 2022, kuma ko a nan ana jin labari kafin ya iso. Teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a kwana ɗaya, kusan sa'a shida tsakanin janyewa da cika, kuma lokacin yana matsawa da kimanin minti 50 kowace rana. Cikar ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da tsakiyarsa, a Zanzibar bambancin yakan kusa mita huɗu. Ranar nan sha huɗu ga watan Musulunci ne. Da ya bar jagorana ya kai su, abu na farko da zai duba ke nan.

Ina alwalar azahar wayata ta yi ƙara, ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna a nan, uku da 'yan mintuna a can. Ango ne. Allah ya taimaka ya bi shawarata guda ɗaya, ya sayi layin waya na can. "Hamma, ruwa ya cinye mu." Abin da ya fara faɗa ke nan. A bayansa ina jin muryar yarinyar tana ta salati, muryar ta dushe. Ya ce yashin da ya rage bai fi tabarma biyu ba. Ya ce ya gwada iyo wajen wani jirgi da ya hango nesa, ruwan ya ja shi gefe, da ƙyar ya dawo. Na daka masa tsawa kada ya sake gusawa daga inda take. Na kira jagorana hannuna na rawa, shi kuma ya tashi yaransa da jirgi. Minti arba'in na yi ina kai-kawo a ƙofar ofis da waya a kunne, ban iya tayar da sallar ba.

Da suka isa, ruwa ya kai mata ƙugu, igiya na dukanta tana tangaɗi. Jagoran ya ce min ta ɗora jakarta a ka ta riƙe da hannu biyu, domin fasfo ɗinsu duka biyu suna ciki, abin da na ce a bari a akwatin ajiya na otal. Ko da aka ɗora ta cikin jirgi aka sa mata rigar kariya, ba ta sauke jakar daga kanta ba har suka iso gaɓa. Mai kwalekwalen kuwa har yau ba wanda ya san sunansa. Ba rasit, ba lamba, wa za ka kai ƙara?

Sauran kwana huɗun a ɗaki ta yi su, labule a sauke, ko ƙarar teku ba ta son ji. Duk abin da na tsara musu ya tafi a banza. Ba ta ga dajin Jozani da jajayen biransa ba, waɗanda asalinsu na tsibirin ne. Ba ta je gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani ba, inda za a tsinko maka kanumfari ɗanye daga bishiya, a ɓantaro ɓawon kirfa a miƙa maka ka sansana. Ita da ta ce min tana son ta sayo wa mahaifiyarta na shayi. Ba su je tsibirin Changuu sun ga manyan kunkuran da aka kawo kyauta daga Seychelles a 1919 ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne masallacin Kizimkazi a kudancin tsibirin, wanda rubutun Kufi na jikin mihrabinsa yake ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Ɗan Musulmi ya je har Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ya dawo bai yi raka'a biyu a wurin ba, saboda dala 25. Ko Stone Town ɗin ma, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ba su ga komai ba sai hanyar otal: ba tsohuwar ganuwar Omanawa, ba wurin kasuwar bayi da aka rufe a 1873.

Bayan sun dawo mahaifiyarta ta zo ofishina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, amana muka ba ka." Na ɗauko kwafin takardar da ya soke da hannunsa, sai kuma na mayar cikin durowa, don ban ga amfanin tona surukinta a gabanta ba. Na ba ta haƙuri.

Jirgin da ba rigar kariya, kada ka shiga. Kada ka sa matarka a ciki. Kada ka yarda jirgi ya sauke ka a tudun yashi ya tafi. Ka tambayi lokacin cikar ruwa kowace safiya, a otal suna da jadawalin. In mutanen gari sun tashi, ka tashi.

Kuma a daina biye wa ejan-ejan na Instagram da ba su da ofis sai hoton bakin teku. Har yanzu akwai masu ce wa mutane biza a filin jirgi ake bugawa. Ƙarya ne, tun daga Abuja za a hana ka hawa jirgi, kuɗin tikiti ya tafi. Wasu ma har Seychelles suke tallatawa ba tare da sun gaya maka cewa ƙasar ta tsaurara wa masu fasfo ɗin Najeriya shiga yawon buɗe ido a 2023 ba. Su ne kuma masu sayar da "rangwame" a Afrilu da Mayu, alhali lokacin manyan ruwan sama ne a can, daga Maris zuwa Mayu, ka biya kuɗin teku ka ƙare da kallon ruwa ta taga. Su kama maka otal a Paje ko Jambiani ba su faɗa maka cewa a gabashin tsibirin teku yakan janye nesa ƙwarai ba. Mutum ya ga fili ya bi shi ba takalmi, ya taka bushiyar teku ƙayoyinta su kakkarye a tafin ƙafarsa, ko ruwa ya dawo ya tare shi a can. Mai son wanka a kowane lokaci Nungwi ko Kendwa zai nufa.

In ta Dar es Salaam za ka tsallaka, ka hau babban jirgin fasinja da tikitin da ka saya a ofishinsu, ba a hannun ɗan kamasho ba. Mutanen Zanzibar ba su manta da Spice Islander ba, jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a Satumban 2011 da ɗaruruwan rayuka. Naman kunkurun teku kada a ɗanɗana ko an ba ka kyauta, a Maris na 2024 ya kashe yara takwas da babba ɗaya a yankin Pemba. Leda haramun ce a Tanzaniya tun 2019. Zanzibar garin Musulmi ne, a yi shigar mutunci a cikin gari. Fasfo a bar shi a otal. Rigar kariya, na sake faɗa, a sa ta a ɗaure tun kafin a tayar da inji, har da wanda ya iya iyo, shi ma ya fi kowa buƙatarta don shi ne mai ganganci.

Matashin shekaranjiya ban karɓi kuɗinsa ba tukuna. Na ce ya koma ya zo min da wadda zai aura, ko da ƙanwarta ce za ta rako ta, su zauna su biyu in karanta musu takardar layi-layi, lambar jagoran kuma a wayarta zan sa. Ya ɗan ɓata fuska, ya ce zai yi shawara da gida. Ranar Asabar ya ce za su zo.