Ƙaramin Babur Mai Babban Suna

Ku duka kun san babur. Kuna ganinsa kullum a kan hanya, wani ya ɗauko mutum, wani ya ɗauko buhun hatsi, wani ma har da akuya. A wurinmu babur abin sufuri ne. Amma a waɗansu ƙasashen Turai, tun ba Italiya ba, mutane sun daɗe suna tsere da shi kamar yadda a ke sukuwa da dawakai, kuma wanda ya ƙware ga cin tsere ba a mantawa da shi da wuri. Yau za mu karanta labarin wani ɗan babur da aka ƙera don tunawa da wani gwanin tsere, mutumin Italiya, mai suna Carlo Ubbiali.

Kafin mu shiga labarin, sai mu san yadda a ke auna girman babur. Ba da tsawonsa a ke aunawa ba, ba kuma da nauyinsa ba. A cikin injin akwai wani rami kamar cikin gwangwani, ana ce da shi silinda. Cikinsa akwai fistin mai hawa da sauka. Fetur da iska su shiga, filogi ya ba da wuta, su kama, ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa, shi kuwa ya juya ƙafar baya. To, faɗin wurin nan da fistin ke kai da kawowa shi a ke aunawa, da wani ma'auni da a ke rubutawa cc. Ƙaramin cokalin shayi yana cin cc 5. Babur ɗin da za mu yi magana a kansa cc 125 gare shi, watau cokali 25 ke nan, ko kofin shayi ba su cika ba. Yawancin baburan da 'yan acaɓa ke hawa a garuruwanmu tsakanin cc 100 ne da 125. Kun ga ashe ba wani ƙaton abu ba ne.

An haifi Carlo Ubbiali a birnin Bergamo, arewacin Italiya, cikin shekara ta 1929. A shekara ta 1949 aka fara gasar tseren babur ta duniya, shi kuwa yana cikin waɗanda suka shiga tun daga farko, yana ɗan shekara goma sha tara. Ga yadda a ke yin gasar. Ana yin tsere a ƙasashe dabam dabam cikin shekara, wanda ya zo na ɗaya ya sami maki mafi yawa, na biyu ya bi masa, har a kai ƙarshe. In shekara ta ƙare sai a tara makin, wanda ya fi kowa shi ne zakaran duniya. An kuwa raba baburan aji aji bisa ga girman inji, don kada a haɗa ƙarami da babba. Ubbiali ya tsaya ga ƙananan, watau ajin 125 da na 250.

A lokacin nan akwai wani kamfani wai shi F.B Mondial, na waɗansu 'yan'uwa da a ke kira Boselli. Da can 'yan motocin ɗaukar kaya masu ƙafa uku su ke yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka koma ƙera babur, suka fito da wani ɗan 125 wanda ya gagari kowa. Shekara uku a jere, 1949 da 1950 da 1951, mahayan Mondial ne ke cin ajin 125. Na ukun nan Ubbiali ne. Daga baya ya koma wani kamfani mai suna MV Agusta, ya yi ta ci. Kafin ya bari ya zama zakaran duniya sau tara, shida a ajin 125, uku a ajin 250. A shekara uku, 1956 da 1959 da 1960, ya haɗa duka biyun ya cinye.

Amma ba yawan cin ne abin mamaki ba, yadda ya ke cin ne. Ku sani tseren babur a zamanin nan wasa ne da rai. Sau da yawa a kan hanyar gari a ke yi, a tsare ta ran tsere, ga katanga, ga itatuwa, ga gidajen mutane a gefe. A tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ailan, har yanzu haka a ke yi, Ubbiali kuwa ya ci a can sau biyar. Hular kwanon da su ke sawa kamar rabin ƙwarya ta ke, ba ta rufe fuska. Abin da a ke tarewa da shi a kwana kuwa damin ciyawa ne. Mahaya da yawa sun halaka. A shekara ta 1954 wani saurayi mutumin Ostiriya, Rupert Hollaus, ya riga ya tara makin zama zakaran ajin 125, sai ya faɗi wajen gwaji a filin Monza, ya mutu tun ba a rufe gasar shekarar ba.

Ubbiali ya yi shekara goma sha biyu cikin wannan hali, bai taɓa yin mummunar faɗuwa ba. Mutanen ƙasarsu suka sa masa sunan wata dabba mai kama da yanyawa, wadda a tatsuniyoyinsu ita ce sarkin wayo, kamar yadda dila ya ke a namu. Me ya sa? Domin shi ba ya tsere da zafin kai, da lissafi ya ke yi. Ku lura, ƙaramin inji ba shi da ƙarfin da za a yi almubazzaranci da shi, iska kuwa tana tokare mai gudu. Wanda ke gaba shi ke keta iskar, na bayansa ya sami sauƙi. Saboda haka mai wayo ya kan laɓe a bayan abokin tserensa, yana duban inda ya ke taka birki, da kwanar da ke ba shi wuya, har sai an kusa ƙarewa, sa'an nan ya fito ya wuce. Wannan aiki yana son haƙuri ƙwarai, gama zuciya tana ta ce wa mutum ya wuce tun yanzu. Ubbiali ba ya ƙara gudu fiye da abin da zai ishe shi ci. Wanda ya riga da taki ɗaya da wanda ya riga da mil guda, ai makinsu ɗaya ne.

A ƙarshen 1960, yana kan ganiyarsa, ya ajiye tsere. Ya ƙara shekara kusan sittin a duniya, ya rasu a Bergamo cikin 2020, yana da shekara 90.

Shi kuwa kamfanin Mondial, ya janye daga tsere a ƙarshen 1957 saboda tsadar abin, daga baya ciniki ya ja baya har aka daina ƙira. Amma kafin nan wani abu ya faru wanda ya kamata ku sani. Soichiro Honda, mai kamfanin Honda na Japan, ya roƙi Boselli babur ɗin tsere guda don ya duba yadda aka yi shi, aka kuwa ba shi. Babur ɗin yana nan ajiye a gidan tarihin Honda. A 1961, shekara guda bayan Ubbiali ya bari, mahayin Honda ne ya ci ajin 125.

Wajen shekara ta 2015 aka ta da sunan Mondial, aka fito da wani babur mai suna HPS 125. A Italiya aka zana shi, a ƙasar Sin a ke harhaɗa shi. Da gangan aka yi masa kamannin baburan da: fitila zagayayya, ƙafafu masu waya irin na keke, salansa biyu a ɗage a gefe ɗaya. Amma cikinsa na zamani ne, da giya shida, da lagireto mai sanyaya inji da ruwa kamar na mota. Matasa a ke nufi da shi, domin a Italiya ɗan shekara 16 yana iya samun lasin hawan babur da bai wuce cc 125 ba. Bayan rasuwar Ubbiali sai kamfanin ya ware waɗansu daga cikin irin wannan babur, ya yi musu ado na musamman, ya sa musu sunansa. Ƙididdigaggu aka yi, in sun ƙare shi ke nan, ba a ƙarawa. Abin da ya yi kaɗan kuwa, kun sani, shi mutane ke rububi.

To, me mai saye ya saya? Kama da wane ba ta wane ba ce. Wannan babur na yawo ne a gari, Ubbiali bai taɓa hawansa a tsere ba, injinsa kuma irin na sauran 'yan'uwansa ne. Har ma in za a bi gaskiya, cikin cin nan tara guda ɗaya tak ya yi a kan Mondial, takwas na MV Agusta ne. Duk da haka ni a ganina kamfanin bai yi laifi ba. A kan babur ɗinsu ya fara zama zakara, kuma da sun liƙa sunansa a jikin wani ƙaton babur mai ruri, da bai dace da shi ba. Yaron da ya ga sunan a jikin babur ɗin zai tambaya ko wane ne wannan, a gaya masa.

Tambayoyi

1. Mene ne a ke aunawa in an ce babur yana da cc 125?
2. In inji yana da cc 250, ƙaramin cokalin shayi nawa ke nan?
3. Don me mahayin da ke baya ya ke samun sauƙin iska?
4. Shekarar Ubbiali nawa sa'ad da ya fara zama zakaran duniya?