Ɗaga Ƙarfe: Yadda Za Ka Gyara Tsarin Horo Ya Zo Daidai Da Jikinka

Daga Ikara zuwa Makarfi, daga Kudan zuwa Hunkuyi, da wuya ka ratsa unguwa da yamma ba ka tarar da wani lungu inda samari suka cika gwangwanaye biyu da siminti, suka soka bututun ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa suna nishi ba. Ɗalibanmu ma sun shiga sahu. Da yawansu sukan dawo daga hutu da tsarin horo da suka kwafo daga waya, su ce za su bi shi layi-layi har damtse ya fito. To, ya ku ɗalibai, ɗaga ƙarfe abu ne mai kyau, ni kam ina goyon bayansa. Amma tsarin da kuka kwafo an rubuta shi ne domin wani mutum dabam a wata ƙasa dabam, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya bi shi ido rufe zai iya samun ciwon baya a madadin tsoka. Wannan darasi zai nuna abin da ya kamata a riƙe cikin tsarin, da abin da ya kamata a sāke.

Bari mu fara da sandan kansa. Sandan ƙarfe na gasa na maza kilo 20 ne, tsawonsa mita 2.2, na mata kuwa kilo 15. Ana zura masa faya-fayan ƙarfe ta gefe biyu, daga mai kilo 25 har zuwa ƙanana masu kilo ɗaya da ɗan wani abu. Ɗagawa guda ita ce ka kai ƙarfen ka dawo da shi. In ka jera ɗagawa biyar ko goma ba hutu, wannan shi za mu kira zubi ɗaya.

Tsarin da ya fi yawo a wayoyin samari ya samo asali ne daga littafin Starting Strength na Mark Rippetoe, wani mai horarwa a jihar Teksas ta Amurka, wanda ya fara fitowa a 2005. Abin ba shi da rikitarwa. Kwana uku a mako, da hutun yini a tsakani. Kowace rana za ka yi tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, zubi uku sau biyar-biyar. Sa'an nan turawa, yau a kwance a kan benci, ran zuwa na gaba a tsaye sama da kai, ita ma zubi uku sau biyar-biyar. Daga ƙarshe ciccibar ƙarfe daga ƙasa, zubi ɗaya sau biyar. Duk ranar da ka dawo kuwa sai ka ƙara kamar kilo biyu da rabi.

Wannan ƙari na kaɗan-kaɗan shi ne zuciyar maganar, kuma ba sabon abu ba ne. Girkawa suna da labarin Milo, ɗan kokawan garin Kuroton na ƙarni na 6 kafin haihuwar Almasihu, wanda aka ce yakan saɓa ɗan maraƙi kowace rana, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya zama yana saɓa bijimi. (Sunansa ne aka sa wa Milo ɗin da kuke sha da safe.) A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya rubuta yadda ya yi amfani da ƙarin nauyi a hankali wajen farfaɗo da ƙafafun sojojin da suka ji rauni a yaƙi, daga baya shi da abokin aikinsa suka tsayar da zubi uku sau goma-goma. Ku lura, majinyata ne aka fara yi wa wannan horo a asibiti. Don haka abubuwa huɗu ne ba a taɓawa: manyan motsi 'yan kaɗan masu aiki da jiki duka, ƙarin nauyi sannu a hankali, hutu, da rubutawa. Sauran duka ana iya gyara su.

Yanzu a ɗauko alli mu yi lissafi. Kilo biyu da rabi sau uku a mako, kilo bakwai da rabi ke nan. Cikin zangon karatu na mako 12 ya zama kilo 90. Cikin shekara guda kilo 390, wato kusan buhun masara huɗu a kafaɗar yaro ɗan aji huɗu! Ashe tsarin na ɗan lokaci ne, na sabon shiga, wata biyu zuwa huɗu galibi. Sa'ad da ka kāsa cika biyar ɗinka har zuwa uku a jere, ba lalaci ba ne. Rage kashi ɗaya cikin goma na nauyin ka sāke hawa, in ya sāke tsayawa sai ka koma ƙari sau ɗaya a mako.

Ga kuma wata magana. Tsarin biyar-biyar an yi shi ne domin ƙarfi, alhali yawancin samarinmu cikar jiki suke nema. Ƙarfi da girman tsoka 'yan uwa ne, amma ba tagwaye ba. Abin da ya fi sa tsoka girma shi ne yawan aikin da ta yi a mako, kamar zubi goma ga kowane sashe na jiki, kowane zubi kuma a kai shi kusa da gajiya, a bar ɗagawa ɗaya ko biyu a ajiye. Shawarata ita ce ka bar motsin farko na kowace rana da nauyinsa sau biyar-biyar, sauran kuwa ka rage nauyi ka yi sau 8 zuwa 12. Ka ƙara jawo ƙarfe zuwa ciki kana sunkuye, da jan jiki sama a reshen mangwaro mai ƙwari, gama tsarin asali bai ba gadon baya da damtse aiki mai yawa ba. Abin da na ƙi jini shi ne wanda zai kwashe awa guda yana murɗa damtse kaɗai, cinyoyinsa kuwa kamar karan dawa. A kokawa ko ƙwallo ko ɗaukar kaya, ƙafa da ƙugu su ne ke aiki.

Maganar kayan aiki

Nan ne matsalarmu take. Wanda ya rubuta tsarin yana da faya-fayai iri-iri, mu kuwa gwangwanin siminti muke da shi, wanda ba a ƙara masa ba a rage masa. Abu na farko, san nauyin abin da kake ɗagawa. Lita ɗaya ta kankare ta kai wajen kilo 2.4, saboda haka gwangwanin fenti mai lita huɗu zai ba ka kilo tara zuwa goma. Kada ka tsaya ga ƙiyasi. Hau sikeli da ƙarfen a hannu, ka sāke hawa ba shi, ka ɗebe wannan daga wancan. Auna kowane gefe dabam tun kafin a haɗa, domin in gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo biyu, ƙugunka ne zai biya bashin. Siminti kuma yana gutsurewa a hankali, sai a riƙa dubawa.

To, yaya za a yi da ƙarin kaɗan-kaɗan? Hanya biyu ce. Ta farko, ka ɗinka 'yan jakunkuna na yashi masu kilo ɗaya-ɗaya, ko ka cika gorunan roba da ruwa, tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka ɗaure su da ƙarfi a gefe biyu. Ta biyu, ka ƙara yawan ɗagawa a madadin nauyi: fara da takwas-takwas, mako mai zuwa tara-tara, sai ka iya goma sha biyu a duk zubi ukun kafin ka koma kan ƙarfe mafi nauyi. In 'yan unguwa ko 'yan kulob suka haɗa kuɗi, gara su sayi tsofaffin ƙarafan mota a wurin bakanike, mai walda ya yi musu sanda mai ciki a toshe, gama bututun famfo yana lanƙwashewa.

Ku ji wannan da kyau. Kada kowa ya kwanta a benci ya tura ƙarfe shi kaɗai. Gwangwanin siminti ba ya zamewa daga sanda, in hannu ya gaza a maƙogwaro zai sauka. In babu abokin da zai tsaya a kanka, kwanta a ƙasa ka tura, ko ka yi turawar tsaye. Tsuguno kuma yana bukatar gwafa biyu masu ƙwari da aka kafa sosai a ƙasa, daidai ƙirji, inda za a ɗauka a kuma mayar. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Abinci da barci

Rippetoe yakan shawarci ramammun samari su sha galan guda na madara a yini, kusan lita huɗu. Wane ɗan makarantar kwana ne zai samu wannan? Ba a ma bukatarsa. Masana sun nuna cewa mai neman tsoka yana bukatar furotin wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jikinsa a yini. Yaro mai kilo 55, giram 88 ke nan. In da ƙwai kaɗai za a cika shi, tun da kowane ƙwai giram shida ne, sai ya ci kusan goma sha biyar. Amma duba abin da ke gonarmu. Wake ɗanye giram 150 zai ba da wajen giram 35. Gyaɗa giram 50, kamar 12. Kindirmo rabin lita, 16. Ƙwai biyu, 12. Tuwo da kokon yini, in garinsu ya kai giram 200, wajen 18. Ka ga an haura 90 ba tare da an yanka ko kaza ba. Waken suya ya fi su duka, giram 36 cikin kowane 100, don haka awara da ƙuli-ƙuli sun fi biskit amfani ga kuɗin kashewarka.

Rake da mazarƙwaila da Allah ya hore wa Makarfi da Kudan suna ba da kuzari kafin horo, amma ba su gina tsoka. Gwangwanayen garin furotin masu tsada kuwa, abinci ne kawai da aka busar, babu wani asiri a ciki. Ranar da abincin makaranta bai wadata ba, rage horon. Barci kuma awa takwas zuwa goma ne ga matashi, gama a lokacin hutu tsoka take ginuwa. Ko da komai ya cika, rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata shi ne abin da sabon shiga zai sa rai.

Lokaci da jiki

Wanda aka rubuta wa tsarin a kujera yake yini. Kai kuwa da babban hutu kana gona, kana huɗa kana noma, baya a sunkuye tun safe har azahar. Da rani wasunku suna saran rake suna loda damuna a mota. Wannan ma horo ne, jiki kuwa ba ya bambanta gajiyar garma da ta ƙarfe. A irin wannan lokaci kwana biyu a mako sun isa, a ajiye ciccibar ƙasa gaba ɗaya. Haka ma lokacin jarrabawa: zubi ɗaya ko biyu da nauyin da ka saba, sau biyu a mako, zai riƙe maka abin da ka tara. A zafin Maris da Afrilu a yi da asuba ko da yamma liƙis, da ruwa a kusa. Masu azumi su jira sai sun ci abinci.

Iyaye sukan tambaya ko ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo. Bincike bai nuna haka ba, muddin akwai babba mai lura kuma nauyin bai fi ƙarfin yaron ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin ƙa'idodinta na 2020, ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su yi motsa jiki mai ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako, manya kuma kwana biyu. Sai dai 'yan ƙananan azuzuwa su fara da sandan katako su koyi motsin, kuma kada su shiga gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi sau ɗaya.

'Yan matanmu kada su ji tsoron za su koma kamar maza, halittar jikinsu ba ta ba da haka. Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Nijeriya azurfa a ɗaga ƙarfe a wasannin Olamfik na Sidni a 2000, shekarar da aka fara sa mata a wannan gasa. Wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa shi ma yana da rabo: Lucy Ejike a keken guragu take, amma da turawar benci kaɗai ta ci zinariya a 2004 da 2008 da 2016 a wasannin naƙasassu na duniya. Malamai da iyaye da suka haura arba'in su ma su gwada, gama daga nan tsoka take fara zubewa. Su auna hawan jini tukuna, su yi sau 10 zuwa 15 da nauyi mai sauƙi, kada su riƙe numfashi, tsugunonsu kuma ya tsaya a kan kujera in gwiwa na ciwo. Mai sikila, da mai ƙaba ko gwaiwa, da mai ciwon zuciya, sai likita ya yarda.

Abin da ke hana tsawo da gaske yana kantin magani. Allurar gina jiki da wasu ke yi a ɓoye tana rufe wurin girman ƙashi tun lokaci bai yi ba, ta taɓa hanta da zuciya da haihuwa. Ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe kuwa, sau da yawa deksametazon ne a ciki: ta kumbura fuska, ta tara ruwa da kitse, ta ta da sukari da hawan jini, sa'an nan ta cinye tsokar cinyar da kake nema. Tiramadol kuma ɓoye ciwo yake yi, mutum ya ci gaba da ɗagawa a kan raunin da bai ji ba. Tsamin jiki na kwana biyu bayan horo ba komai ba ne, amma sūka a gaɓa ko a ƙashin baya alama ce ta a ajiye ƙarfe a je asibiti.

Daga ƙarshe, nemi littafin rubutu mai shafi arba'in. Kowace rana rubuta kwanan wata, da motsin da ka yi, da nauyi, da zubi nawa sau nawa, da awa nawa ka yi barci. Farkon kowane wata auna nauyinka, ka auna cinya da ƙirji da damtse da awon tela. In wata biyu suka wuce lambobi ba su motsa ba, duba abinci da barci kafin ka sāke tsari, kuma abu ɗaya za ka sāke a lokaci guda domin ka san wanda ya yi aiki. Ranar da ka dawo daga dogon hutu, buɗe shafin ƙarshe, ka rage kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ke rubuce, ka fara daga nan.