Kafin ka ɗora wa tsohuwar Land Cruiser turbo

Gyaran injin dizal ne sana'ata, kuma yawancin motocin da ke kwana a garejina Land Cruiser ne masu injin 1HZ. Koken masu su kusan iri ɗaya ne: "Maigida, motar nan ba ta ja kamar da, a ƙara mata ƙarfi." Abin da suke nufi shi ne a ɗora turbo, a murɗa injekta ta ƙara mai. Ana yi, ni ma ina yi. Amma akwai abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya zaro kuɗinsa.

Kamfanin Toyota ya fito da 1HZ a 1990: silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfuta, ƙarfin doki kusan 130. Ga motar da nauyinta ya haura tan biyu tun ba a yi mata lodi ba, wannan ba wani ƙarfin a zo a gani ba ne. Sai dai rashin matsa masan nan shi ne sirrin daɗewarsa, shi ya sa ƙungiyoyin agaji da masu haƙar ma'adinai da direbobin Sahara suka riƙe shi hannu bibbiyu.

A shekarar ce kuma aka fito da ɗan'uwansa 1HD-T, girmansu ɗaya, amma shi da turbo ya zo, ƙarfinsa ya haura doki 160. Mutane da yawa sun ɗauka 1HZ ne kawai aka manna wa turbo. Ba haka ba ne. A 1HD-T nozul na fesa mai kai tsaye a kan fistin, kuma matsin iskarsa 18.6 ne. A 1HZ kuwa man yana fara kamawa ne a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kan injin, daga nan wutar ta faso cikin silinda, matsinsa kuma ya haura 22. Wannan tsari yana tara zafi a kan injin tun asali. Idan ka tura masa ƙarin iska da ƙarin mai, zafin da matsin a wurin nan za su taru, kuma a nan ake samun tsagewa: bakin ɗan ɗakin, ko kan fistin, ko tsagin da ringi ke zama.

Saboda haka tambayata ta farko ga mai mota ita ce, ƙarfin da yake nema sabo ne ko kuwa wanda ya ɓace ne? Injin da ya shekara ashirin yana shaƙar ƙura da wuya a ce dokinsa 130 suna nan. Mukan fara da auna matsin kowace silinda. Lafiyayyen 1HZ yakan ba da wajen kilo 37 a kan kowane murabba'in santimita. In ya sauko ƙasa da 27, ko kuma silinda ɗaya ta yi wa 'yan'uwanta nisa, maganar turbo ba ta ma taso ba. Sai a cire nozul a kai su gwaji, a duba saitin injekta da tazarar bawul, a duba matatar iska. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa: mai mota ya zaga gari ya dawo yana tambayar me aka ƙara, alhali abin da ya rasa ne aka mayar masa.

In kuwa inji ya gaji, sai a sauke shi, kuma sauke inji ya wuce canza ringi da gasket. A auna ramin kowace silinda da ma'auni. In ya ci, a kai a rarake shi a sa fistin mai ƙarin rabin milimita. A auna karanshaf kafin a sayi metal. A kai kan injin a gwada ko ya tsage ko ya lanƙwashe. A canza bel ɗin taimin, domin in ya tsinke fistin da bawul karo za su yi. Kayan gyara kuma a nemi na ƙwarai. Kwalin jabu yanzu ya fi na asali kyau, don haka ni mai sayarwar nake dubawa kafin kwalin.

Inji ya dawo daidai, an yi masa tafiyar sabo an canza baƙin mai, to yanzu ne za a yi zancen turbo. A dizal, iska sanyaya wuta take yi, man da ya yi wa iska yawa shi ke kawo zafi. Baƙin hayaƙin nan da wasu direbobi ke alfahari da shi mai ne da bai ƙone ba, kuma shaida ce cewa fistin na gasuwa. Fistin da alminiyom ake yin sa, alminiyom kuwa a digiri 660 yake narkewa. Abin da ke cetonsa shi ne wutar ba ta daɗewa a kansa, kuma baƙin mai na ɗauke zafin. Ka hau dogon tudu da lodi, ƙafa a ƙasa, wannan rangwamen ya ƙare. Garin neman gira sai a rasa ido.

A nawa aikin, ba na barin turbo ya tura wa 1HZ mai fistin na asali iskar da ta wuce psi 10, kuma ba na sakin mota sai da agogon auna zafin hayaƙi, bakinsa a dasa kafin turbo. Ina gaya wa direba: allura ta doshi digiri 700, ɗaga ƙafa ka sauko da giya. Agogon ruwa na jikin mota ba zai gaya maka wannan ba. Kafin ya motsa aikin gama ya gama. In da hali a haɗa da abin sanyaya iskar da turbo ke turawa, da salansa mai faɗi. Injekta kuma a kan na'ura ake saita ta, ba a bakin titi da sifana ba.

Lagireto ma sai an duba shi, domin zafin da aka ƙara ta nan zai fita. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu, ta cire tamostat a jefar wai ƙasarmu da zafi. Ba na goyon bayanta. Injin da ke tafasa lagiretonsa ne ya toshe, ko fankarsa ta daina kamawa, ko famfon ruwa ya mutu. Waɗannan za a gyara.

Kuloci da giya ma ƙarin ƙarfin zai shafe su. Tsohon kuloci zai fara suɓucewa, kuma jan lodi a giya ta biyar yana cin giyabos da wuri.

Akwai masu motar da nake hana su aikin nan gaba ɗaya. Wanda zai bi hanyar Agadez zuwa Dirku, ko ya nufi wuraren zinare na Jado, inda rairayi ke riƙe taya kuma gareji ya yi nisan kwanaki, gara ya gyara 1HZ ɗinsa ya bar shi yadda aka ƙera shi, ya rage lodi, ya rage iskar taya in ya shiga yashi. Wanda kuma ke hawa Mambila ko tsaunukan Jos, inda iska ke da sauƙi har inji marar turbo ke shaƙewa, ɗan turbo mai sassauci zai amfane shi. Mai son ƙarfi sosai kuwa nakan ce ya haɗa kuɗin turbo da na fistin da na saitin injekta, ya kwatanta da farashin lafiyayyen 1HD-T da giyabos ɗinsa, sannan ya yanke shawara.